Me Ya Sa Hoton Ragona Ke Fitowa Dishi-dishi a Cikin Ɗaki?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Maigatari, Jihar Jigawa, wanda ke turke raguna don Babbar Sallah. Ya ce yakan ɗauki hotonsu da waya a ɗakin da ya ɗaure su, ya tura wa masu saye a Kano ta WhatsApp, amma hoton sai ya fito dishi-dishi, idanun ragon kuma suna walƙiya. Har wani ya fasa ciniki, wai ragon ba shi da lafiya. Ina mafita?

To malam, kada ka ɗora wa wayarka laifi, ƙarancin haske ne. Idan wuri da duhu, kyamara takan daɗe da ido buɗe tana tara haske. Rago kuwa ba ya tsayawa cik, yana tuƙa, yana kaɗa kunne. Duk motsin da ya yi a wannan ɗan lokaci, shi ke fitowa kamar an shafe hoton da hannu.

Batun idanu kuwa, filashi ne ya jawo. A can ƙuryar idon tumaki, awaki, shanu, kare da kyanwa akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli kamar madubi, wanda ke taimaka musu gani da dare. Shi kake gani in ka haska garke da tocila. Filashin waya yana dab da idon kyamara, saboda haka hasken na shiga idon dabba ya dawo kai tsaye. Kashe shi kawai, dama firgita dabba yake yi.

Hasken da ya fi kowanne kyau, kyauta ne, wato na bakin ƙofa. Da hantsi ko bayan la'asar, buɗe ƙofa, ka jawo ragon kamar taku biyu daga bakinta, inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Kai kuma ka tsaya ƙofar na gefenka ko bayanka, amma kada inuwarka ta faɗa kansa. Inda mutane ke kuskure shi ne su shige ƙuryar ɗaki su fuskanci ƙofa. Nan kyamara za ta bi hasken waje, ragonka ya koma baƙar inuwa. Idan ɓangare ɗaya ya yi duhu, sa yaro ya riƙe farin zane ko farin buhu a wannan gefen, zai maido da haske a jikin ragon.

In dole sai da dare, nemi fitilar sola mai farin haske, ka haska farin bango ko zanen nan, hasken ya dawo a hankali. Ka matso da ita, don fitilar da aka ninka nisanta, kashi 1 cikin 4 na haskenta kawai ke isa. Fitilar ƙwai kuwa, da ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, sai su mai da farin Balami kamar wanda bai taɓa ganin wanka ba.

Uda ya fi wuya, tunda gabansa duhu ne, bayansa fari. Taɓa fuskarsa a gilashin waya kafin ka danna, kyamara za ta daidaita a kanta. Farin rago ya fi fitowa a gaban bangon ƙasa, baƙar akuya kuma a gaban abu mai haske.

Sauran 'yan abubuwa: goge idon kyamara da gefen riga, zuba wa ragon dusa ya nutsu, ka durƙusa daidai tsayinsa, don hoton da aka ɗauka daga sama ƙanƙantar da dabba yake yi. Ka ɗauki biyar ko shida ka zaɓa, ɗaya daga ciki da mutum tsaye kusa da shi, mai saye ya gane girmansa.