Mujallun Masoya Fim da Littattafan Kasuwa: Yadda Ake Adana Su a Laburare

Takardun masoya su ne duk abin bugawa da ya taso daga sha'awar jama'a ga wani fim, mawaƙi, ɗan wasa ko marubuci, ba daga ofishin gwamnati ko makaranta ba. A ƙasar Hausa sun haɗa da mujallun fim, da kalandu da fastoci masu hotunan taurari, da sitikar da ake manna wa babur da motar haya, da katunan gaisuwa na gidajen rediyo, har da shafukan farko da na ƙarshe na littattafan soyayya, inda marubuci ke jera sunayen masoyansa. A Amurka masu son ƙagaggun labaran kimiyya ne suka soma buga 'yan mujallunsu da kansu. Sun fitar da The Comet a Shikago a 1930, a 1940 kuma aka raɗa wa irinsu suna fanzine. Yau laburaren Jami'ar Ayowa na riƙe da dubbansu, galibi daga hannun mutanen da suka tara su don sha'awa kawai.

Na Hausa sun biyo bayan adabin kasuwar Kano ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka shiga buga labaransu da kuɗin aljihunsu, ba tare da jiran kamfanin ɗab'i ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya zagaye Arewa a farkon shekarun 1990, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama kuma ta zama matattara. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na Kano. Da taurari suka samu, sai masu son jin labarinsu suka samu. Sunusi Shehu ya kafa mujallar Tauraruwa a 1998, kuma a cikinta ne sunan Kanywood ya fara fitowa a 1999, da harafin n guda ɗaya. A watan Maris na wannan shekarar Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim, wadda ta fi sauran tsawon rai. Wasu irin su Mumtaz da Garkuwa sun yi zamaninsu sun wuce, wasu ma fitowa biyu ko uku suka yi kuɗi ya ƙare.

Waɗannan takardu ba su san iyakar ƙasa ba. Daga kasuwannin Kano sukan bi ta Katsina da Jibiya, su ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga nan su haura arewa zuwa Dakoro da garuruwan karkararta irin su Bader Goula, a cikin kayan 'yan kasuwa ko jakar ɗan ci-rani mai komowa gida kafin damina. A irin wannan wuri, da yake ƙarshen zango ne, mujalla ba ta tsufa da wuri. Wadda aka gama da ita a Kano cikin mako ɗaya tana iya shekara tana yawo daga hannu zuwa hannu, wanda ya iya boko yana karanta wa waɗanda ba su iya ba, a ƙarshe a yanke hoton bangon a manna a ɗaki. Shi ya sa mai neman tsofaffin fitowa bai kamata ya tsaya a birni ba. Adakar wata uwargida a ƙauye tana iya riƙe da abin da mawallafin kansa ya rasa.

Darajarsu ba ta tsaya ga labarin taurari ba. Hirar da aka yi da ɗan wasa ana iya samun irinta a wani wuri, amma shafin wasiƙu ba shi da madadi. Nan ne ɗaliba, da tela, da mai shayi, da matar aure ke rubuta ra'ayinsu da Hausar bakinsu: wannan ya soki rawa da waƙa a fim, wancan ya kare su, wata ta yi ƙorafin yadda ake nuna kishiya. Mai nazarin harshe zai ga lokacin da wata kalma ta shigo, da yadda Basakkwace ko Ba'adare ko Bamaraɗe ke rubuta karin garinsu. Mai nazarin tattalin arziki zai ga farashin kaset da na littafi a tallace-tallace, da sunayen shagunan da suka daɗe da rufewa. Shafukan sadaukarwa, tukuici da fatan alheri na littattafan soyayya kuwa taswira ce ta wanda ya san wa tsakanin marubuta, dillalai da masu karatu. A Nijar, inda aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, irin wannan rubutu na talakawa shaida ce ta yadda mutane ke rubuta harshen tun kafin hukuma ta ɗaga darajarsa.

Duk da haka laburarori ba su kama yawancinsu ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta Najeriya ta 1970 ta wajabta wa mawallafi ya miƙa kwafi uku na abin da ya buga, amma wanda ya kai rubutunsa wajen mai injin bugawa a lungu, ya kwashe ya kai kasuwa washegari, bai bi ta wannan ƙofar ba. Manyan ma'adanai irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, an san su ne da takardun mulki da na malamai. Akwai kuma raini. An daɗe ana kallon littattafan soyayya a matsayin masu ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Ko da an yarda da wani ɓangare na sukar, ajiye abu a ma'adana ba yabonsa ba ne. Wanda zai rubuta tarihin muhawarar ma yana bukatar ganin abin da aka yi muhawara a kansa.

Abin da ya tsira, ɗaiɗaikun mutane ne suka tserar da shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tara littattafai, mujallu da kaset-kaset. Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS a Landan ya tara littattafan kasuwa masu yawa, kuma shi da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, aka wallafa a Jamus a 2004. Abin lura ne cewa ɗalibin Maraɗi ko Katsina zai iya samun wani littafin Kano a Landan cikin sauƙi fiye da a garinsu.

Aikin adanawa kansa yana farawa da sanin abokan gaba. Takardar da aka buga yawancin waɗannan abubuwa da ita mai arha ce, irin ta jarida, mai tsami a jikinta, shi ya sa take yin ja ta riƙa karyewa. Bushewar yankin Dakoro tana rage fumfuna, amma zafin bazara na gasa takarda, ƙurar hunturu na shiga tsakanin shafuka, ɗigon damina ɗaya kuma ya isa ya manne su. Gara tana iya cinye akwati guda ba a sani ba, ga ɓera da kyankyaso. Babban mai cin mujalla dai shi ne mai ƙosai da mai tsire, masu naɗe kayansu da ita. Malaman zaure sun daɗe da sanin maganin wasu daga cikin waɗannan: gafakar fata, da rataye littafi nesa da ƙasa. Laburare na yin kusan haka ne da kayan zamani. Ana kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a cire wayar da aka ɗinke mujalla da ita idan ta soma tsatsa, a sa kowace fitowa a cikin fayil na takarda marar tsami, a kwantar a akwati bisa kantar ƙarfe da ba ta jingina da bango ba, nesa da hasken rana. Salatif da gam suna ɓata takarda fiye da yagewar da aka so gyarawa, haka ma narka mata leda da inji, domin ba a iya warware shi. Rubutun ma'aikaci a jikin takarda da fensir ake yi.

Rajista ta fi wannan wuya. Littattafai da yawa ba su da shekarar bugu, ba su da sunan maɗaba'a, marubuci kuma wani lokaci laƙabi kawai ya sa. Labari ɗaya kan fito kashi uku ko huɗu, a samu na ɗaya da na uku babu na biyu. Sai ma'aikaci ya kintaci shekara daga farashi, ko tallan wani fim a bayan bango, ya kuma nuna a rajistar cewa kintace ne. Ya kamata a rubuta inda aka samo kwafin da wanda ya bayar, kada kuma a goge sunayen da masu haya ko aro suka rubuta a ciki, don su ma labari ne. Haruffa masu lanƙwasa na kawo tasu matsalar: wanda ya nemi ƙauna a kwamfuta ba lallai ya ga abin da aka shigar da kauna ba, kuma abin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Shigar da suna ta fuskoki biyu shi ke warware wannan.

Ɗaukar hoton shafuka yana sa mai kaya ya riƙe kayansa, laburare ya tafi da kwafi, kuma haka shirin Laburaren Birtaniya na ceto ma'adanai masu fuskantar ɓacewa yake aiki tun 2004. Sai dai katin waya ɗaya ba ma'adana ba ne. Ana ajiye kwafi aƙalla uku a wurare daban-daban, ana sabunta su. Rufe dandalin OkadaBooks a ƙarshen 2023, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya nuna cewa abin da ke intanet ma yana ɓacewa. Kafin a baza hotunan ga kowa kuma, akwai haƙƙin mallakar marubuci da mawallafi, akwai kuma mutanen da ke cikin shafukan. Budurwar da ta aika wa mujalla hotonta da adireshinta a 2001 wataƙila yau surukar wasu ce. Saboda haka ma'adanai kan bar cikakken kwafi ga mai bincike da ya zo ɗakin karatu, su rufe adireshi da lambar waya a kwafin da ake ɗorawa a intanet.