Ummu Aiman: Uwar Goyon da Ta Yi Jinya a Uhudu

Alhazan da ke ziyartar Dutsen Uhudu, a arewacin birnin Madina, sukan tsaya a maƙabartar shahidai kimanin 70, inda Sayyidina Hamza yake kwance. Amma kaɗan ne ke tunawa da wata dattijuwa Bahabashiya wadda ta halarci filin ranar yaƙin, a shekara ta 3 bayan Hijira, wato 625 Miladiyya, tana shayar da mayaƙa ruwa, tana jinyar masu rauni. Sunanta Baraka, amma an fi saninta da Ummu Aiman.

Ita ce ta yi renon Annabi Muhammadu (SAW). Tana tare da mahaifiyarsa Amina sa'ad da ta rasu a Abwa'u, yana ɗan shekara 6, kuma ita ta mayar da shi Makka wurin kakansa Abdul Muɗɗalibi.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa da sahun Musulmi ya watse a Uhudu, ta tari masu gudu tana watsa musu ƙasa, tana cewa su karɓi mazari su ba ta takobi.

A shekara ta 8 bayan Hijira ta rasa mijinta Zaidu ɗan Harisa a yaƙin Mu'uta, da ɗanta Aiman a Hunaini. Usama ne ya rage mata, kuma ta wajen 'ya'yan biyu ta sami jikoki.

Bayan wafatin Annabi, Abubakar da Umar sun kai mata ziyara, kamar yadda shi ya saba. Ta fashe da kuka, ta ce yankewar wahayi ce ta sa ta kukan, har su ma suka taya ta.