Ko Kun Sani?

Tun kafin a san makarantar boko a Bichi da Dambatta da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su, inda gona ke bin gona har zuwa bakin zaure, malaman tauhidi sun gaji wata mas'ala daga littattafan Ash'ariyya: idan mutum ya ɗauki ƙwayar gero ya yi ta rabawa, shin rabon zai ƙare? Jawabinsu shi ne dole a tsaya ga wani juz'i wanda ba ya karɓar rabo, suka kira shi jauharul fardi. Alƙali Baƙillani, Bamalike da ya rasu a Bagadaza a 1013, yana cikin manyan waɗanda suka tsara wannan bahasi, domin ya kafa hujja cewa duniya fararriya ce.

Da awo da gwaji kuwa, sai a 1808 John Dalton ya bayyana cewa kowane sinadari yana da ƙwayar zarra mai nauyi nata. Ba a cika shekara ɗari ba masanin kimiyya Thomson ya gano ilektiron, wani ɓangare na ƙwayar zarra, a 1897, aka tabbata ƙwayar zarra ita ma tana rabuwa. A 1911 kuma wani masanin, Rutherford, bayan an harba ƙwayoyi kan siririn fallen zinariya, ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra ya taru a wata 'yar cibiya, abin da ya kewaye ta kuwa galibinsa fili ne. A ganinmu nan ne babban abin mamaki.

Ita ma wannan cibiya tana rabuwa: a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tun 2004 ake tsaga cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom domin bincike.