Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya: Abin Da Na Ƙaru Da Shi A Taron 'Yan Kasuwar Intanet

'Yan uwana mata, sana'a ba baƙuwa ba ce a ɗakin Bahaushiya. Tun kafin a haife mu iyayenmu ke soya ƙosai, su yi ƙuli-ƙuli da alale, su ɗora wa yarinya faranti a ka ta zaga unguwa. Riba dai ana samu, amma kowa ta san abin da talla ke ci: yarinya ta makara makaranta ko ta daina zuwa gaba ɗaya, ga sharrin 'yan iska a tasha da bakin kasuwa. To yau farantin nan ya koma cikin waya. Mace tana zaune a ɗakinta a Kano sai ta sayar wa wata a Kaduna ko Maraɗi kaya, ba tare da ta taka ko soron gida ba.

Ni ma da na fara 'yar sana'ata ta turaren wuta da humra, sai na shiga wani taron ƙara wa juna sani na yini biyu a kan tallata haja ta intanet. Ta Zoom aka yi shi, kowacce tana gidansu. Abin da na fito da shi a dunƙule shi ne: waya ta ɗauke mana yawon talla ne kawai, amma gaskiya da lissafi suna nan a wuyan mai kaya.

Abu na farko, yawan mabiya ba shi ne ciniki ba. Sai ki ga yarinya tana murna wai mutum dubu goma ke bin ta a Instagram ko TikTok, amma mako ya ƙare ko kwalba ɗaya ba ta sayar ba. Mata ɗari da suka san ki, suka ajiye lambarki, sun fi miki dubun masu kallo su wuce. Shi ya sa aka ƙarfafa mana gwiwa a kan WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kuma kyauta ne. A ciki za ki jera hotunan kayanki da farashinsu kamar kanta. Abin da kika ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saƙon bai-ɗaya kuwa ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki. Don haka duk wadda ta sayi kayanki, roƙe ta ta ajiye lambar. Amma kada ki jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, haushinki kawai za su ji.

Na biyu, hoto shi ne bakinki. Ki ɗauka da rana kusa da taga, ki shimfiɗa farin kyalle, kada ki yi wa hoton kwalliyar da za ta mai da atamfa mai ruwan toka ta koma shuɗiya. Kada kuma ki ɗauko hoton kayan wata ki ce naki ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da kaya suka isa hannun mai su asiri zai tonu, ita kuma ba za ta yi shiru ba, duk gidan bikin da ta shiga sai ta ba da labarinki. Ki rubuta farashi a fili, wannan ɗabi'ar ta "ki biyo ni ta ciki" tana korar mai kunyar tambaya. Mu masu turare da ba a jin ƙamshinsa ta waya, sai mu faɗi abin da ke ciki, sandal ne ko hawi ko farce, mu riƙa saka ɗan ƙullin gwaji a cikin kowane saƙo.

Na uku shi ne lissafi, kuma a nan ne jarin yawancinmu ke karyewa. A ce kin sayo turmin atamfa a Kantin Kwari naira 10,000, kin sayar 11,500. Zuciya sai ta ce miki kin ci ribar 1,500. To cire kuɗin adaidaita sahu 600, leda da kwali 200, data 300, cajin banki 100. Kin ga abin da ya rage? Naira 300 kacal. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban abu, saboda haka tun kafin a gama ciniki ki faɗa wa mai saye wanda zai biya kuɗin kai kaya tasha. Ki ware kuɗin sana'a daban da na anko da na kati, ki sami littafi ki riƙa rubuta shiga da fita kullum. Bashi kuwa, musamman na ƙawa da 'yar uwa, ki sa masa iyaka, don wadda ta ce "wa ya raba mu" ita ce ba ta biya da wuri.

Na huɗu, 'yan damfara. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka saba da tiransifa, macuta ma suka bi sahu. Wani zai turo miki hoton rasit ko alat na bogi, ya dame ki da kira wai direba zai tashi. Kada ki saki kaya sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki. Wani kuma zai ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, wai na wani taro ne. Kina faɗa ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya bi abokan cinikinki yana karɓar kuɗi da sunanki. Akwai wurin saka lambar sirri ta biyu a cikin saitin manhajar, ki saka yau ɗin nan. Sannan akwai mazan da ba kaya suka zo saye ba, hira suke nema. Amsa a kan kaya kawai, kada ki ba baƙo kwatancen gida, ki sa yayanki ko ɗan aike ya miƙa a wurin da jama'a suke. Ke 'yar makaranta, kada ki fara sai da sanin Mama da Baba, kuma kada cinikin dare ya cinye miki lokacin karatu.

Na biyar, shafin da kike talla a kai aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida. A Najeriya ma an rufe Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022. Ki rubuta sunaye da lambobin abokan cinikinki a takarda, ita ba ta ɗaukewa. Idan sana'a ta kankama, ki yi wa sunanta rajista a hukumar CAC, in kuma abinci ne ko man shafawa kike ƙullawa, ki nemi lambar NAFDAC.

Sai dai fa shi kansa taron kasuwa ne. Cikin masu jawabi akwai masu ilimi na gaske, akwai kuma waɗanda kwas ɗinsu suka zo tallatawa, suna alkawarin miliyoyi cikin wata guda. Duk wanda ya ce ki biya yanzu-yanzu ko dama ta wuce ki, ki bar ta ta wuce. Jarin da Mama ta sayar da tunkiyarta ta ba ki ba na gwaji ba ne.

Shawarata a gare ki, kada ki ce sai kin yi duka a rana ɗaya. Fara da littafin lissafi a wannan makon, mako mai zuwa ki gyara hotuna. Kaya kaɗan masu kyau, farashi a fili, alkawari a cika shi a kan lokaci. Wadda ta saya ta ji daɗi ita za ta kawo miki ƙanwarta da kishiyarta ma. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya raba mu da asara.