Kalmar Baƙin Ciki Tsakanin Koriyanci da Turanci

Tun shekarar 1997 ake fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare a Koriya ta Kudu, kuma cikin kalmomin farko da yaro ke haddacewa akwai "sad", wadda littattafai ke jerawa kusa da "seulpeuda", wato kalmar Koriyanci mai nufin baƙin ciki. Haddar ba wuya, sai dai furucin, domin gaɓar Koriyanci ba ta ƙarewa da sautin "d" a fili, shi ya sa ake liƙa wa kalmar wasali a ƙarshe. Ga shi kuma yawancin mutanen Seoul na yau sun haɗe wasula biyun da ke raba "sad" da "said", har kunne kan ji su ɗaya.

Babbar matsalar tana ga ma'ana. Koriyanci yakan rarraba ɓacin rai bisa sanadinsa da dangantakar da ke tsakanin mutane: "seounhada" ita ce zafin da mutum ke ji idan na kusa da shi ya gaza yi masa abin da ya sa rai, "eogulhada" kuwa ƙuncin wanda aka ɗora wa laifin da bai aikata ba. Ɗalibin da ya zuba waɗannan duka cikin "sad" ya zubar da rabin maganarsa, tunda mai sauraro zai ji cewa ransa ya ɓaci, amma ba zai gane akwai wanda ake yi wa ƙorafi ba. Idan kuma ya ɗauko "depressed" a madadin "uulhada", wadda Koriyawa ke faɗa ko don hadari ya rufe gari, yana iya sa abokinsa zaton ciwon damuwa ne irin wanda ake kai wa likita.

Nahawu ma yana da nasa tarko. A ƙa'idar Koriyanci mutum yakan bayyana abin da ke ransa kai tsaye, amma idan zai ba da labarin wani sai ya ce "seulpeohada", wato yana nuna alamun baƙin ciki, alhali Turanci bai damu da wannan bambanci ba. Saboda haka malamin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga jerin kalmomi. Yakan kawo wa ɗalibai yanayi, kamar aminin da ya manta da gayyata, ya sa su gina cikakkiyar jimla da za ta ambaci ɓacin ran tare da dalilinsa.