Yadda takardu ke tsayar da direbobin manyan motoci a Amurka

A kowace shekara jami'ai a Amurka na binciken manyan motocin dakon kaya kimanin sau miliyan 3, a gefen hanya da kuma tashoshin auna nauyi.

Ba kullum ne birki ko taya ke jefa direba cikin matsala ba. Sau da dama motar lafiyarta ƙalau, amma wata takarda guda da aka manta a ofis, ko wadda wa'adinta ya ƙare, sai ta sa a rubuta masa laifi ko ma a hana shi ci gaba da tafiya.

Lamarin dai ya fi shafar direbobin motocin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar haya, domin a irin wannan hali mai motar daban, kamfanin da ke da izinin dakon kaya daban, wani lokaci ma direban daban.

Mota ɗaya, hannaye da yawa

Hayar manyan motoci a Amurka ta kasu gida uku.

Akwai direban da ya mallaki motarsa, amma ba shi da izinin dako tsakanin jihohi, don haka sai ya ba wani kamfani hayar motar, shi kuma ya ci gaba da tuƙa ta da sunan kamfanin.

Akwai kamfanin da ke karɓo motoci daga masu bayar da haya, ya danƙa wa direbobinsa.

Sai kuma direban da kamfani ke ba shi mota yana cire kuɗinta daga abin da ya samu a kowane mako, da alkawarin cewa wata rana za ta zama tasa.

Dokokin da suka tsara hulɗar mai mota da kamfanin dako sun samo asali ne tun 1979, kuma a yau hukumar kula da lafiyar manyan motoci ta tarayya, FMCSA, wadda aka kafa a 2000, ita ce ke sa ido a kansu.

Dokar ta ce dole ne yarjejeniyar ta kasance a rubuce, da sa hannun ɓangarorin biyu, da ranar farawa da ta ƙarewa. Muddin tana aiki, motar tana hannun kamfanin dakon ne shi kaɗai, kuma alhakin duk abin da ya faru da ita a hanya na wuyansa.

Abin da jami'i ke nema

Saboda haka ne ake bukatar kofen yarjejeniyar, ko wata takardar shaida daga kamfanin, ya kasance cikin motar a ko da yaushe.

Haka kuma wajibi ne a rubuta sunan kamfanin da lambarsa ta ma'aikatar sufuri a ɓangarori biyu na motar, yadda za a iya karantawa da rana daga nisan ƙafa 50, wato kimanin mita 15.

An yi rangwame ga motar da aka karɓo haya ta kwana 30 ko ƙasa da haka. Ana iya barin sunan masu bayar da hayar a jikinta, da sharaɗin cewa takardar hayar na hannun direba.

Dalilin duk wannan shi ne jami'in na son sanin wanda zai ɗora wa alhaki. Idan rajistar motar na ɗauke da wani suna, ƙofarta na ɗauke da wani, takardar kaya kuma da wani, to yarjejeniyar hayar ce kawai ke haɗa su wuri guda.

Idan babu ita, jami'in na iya zargin cewa ana dakon ne ba tare da izini ba, laifin da kan sa a tsayar da mota nan take.

Sauran takardun sun haɗa da lasisin tuƙin babbar mota, da shaidar gwajin lafiyar direba wadda ba ta wuce shekara 2, da rajistar mota, da lasisin harajin mai, da kuma shaidar cewa an duba lafiyar motar cikin wata 12 da suka wuce.

A nan ne rabuwar alhaki ke haifar da giɓi, inda kowane ɓangare kan ɗauka ɗayan ne zai sabunta takarda, har sai an tare mota a hanya.

Lissafin sa'o'in aiki

Babu takardar da ake bin diddiginta kamar rajistar sa'o'in aiki.

Direban kaya na da damar tuƙi na sa'a 11 ne kawai bayan hutun sa'a 10 a jere, kuma dole ya kammala tuƙin cikin sa'a 14 daga lokacin da ya fara aiki.

Tun daga watan Disamban 2017 akasarin direbobi na amfani da wata na'ura da ke haɗe da injin mota, wadda ke rubuta lokacin tuƙi da kanta. Jami'i na duba bayanan ranar da ake ciki da na kwana 7 da suka gabata.

Ko da na'urar, ana bukatar direba ya riƙe fom na takarda da za su ishe shi kwana 8, ko da na'urar za ta lalace.

Wa ke ɗaukar asara?

Ba kowane laifi ne ke tsayar da mota ba. Wani rubuta shi kawai ake yi a rahoton bincike, wani kuma ya zo da tara. Amma tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba, ko yin ƙarya a rajistar sa'o'i, kan sa a dakatar da direba.

Bayan bincike, direba zai miƙa rahoton ga kamfani, shi kuma kamfanin yana da kwana 15 ya tabbatar da cewa an gyara kurakuran.

Laifin kan zauna a ma'aunin kamfanin na tsawon wata 24, kuma kamfanin da makinsa ya yi muni motocinsa sun fi fuskantar bincike. Shi kuwa direba, laifin na bin sunansa shekara 3 a wani kundi da masu ɗaukar aiki ke dubawa, ko da sakacin daga ofis ya fito.

Akasarin waɗannan direbobi ana biyansu ne gwargwadon nisan tafiya ko kason kuɗin kaya, don haka duk sa'ar da mota ta yi a tsaye aljihunsu take taɓawa.

Doka ta tanadi cewa duk abin da kamfani zai cire daga kuɗin mai mota, sai an fayyace shi a cikin yarjejeniya. Sai dai koke-koke sun yi yawa, musamman daga masu biyan kuɗin mota kashi-kashi, har ta kai wani kwamiti da majalisar dokoki ta ba da umarnin kafawa ya ba da shawara a watan Janairun 2025 cewa a haramta wannan tsari baki ɗaya.

Direban da ke ganin an rubuta masa laifi bisa kuskure na iya neman a sake dubawa ta wani shafin intanet na hukumar mai suna DataQs.

A 2025 an tsaurara wani sharaɗi da ya shafi baƙi masu yawa da ke wannan sana'a. Bayan wani umarni da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a watan Afrilu, daga ranar 25 ga watan Yuni aka koma dakatar da direban da ba zai iya amsa tambayoyin jami'i ko karanta alamun hanya da Turanci ba.

Tun daga 1988 ake ware sa'a 72 a kowace shekara domin gagarumin binciken manyan motoci, wanda a yanzu ake gudanarwa lokaci guda a Amurka da Kanada da Meziko.