Asirin Ƙarfin Fata: Jan Kunne Ga Masu Fiɗa

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Duk wanda ya ratsa unguwar Umarari a nan Maiduguri da yammacin ranar Babbar Salla zai ga fatun layya a ƙofar gidaje, waɗansu an baje su a kan rairayi mai zafi. Da yawansu kafin su kai hannun majemi sun tashi aiki, don kuwa ba kowa ya san inda ƙarfin fata yake ba.

Mai karatu, kama fatar bayan hannunka ka ja. Da fari za ta biyo ka ba gardama, amma in ka ƙara ja sai ta cije. Dalili shi ne, cikin fata akwai waɗansu zaruruwa ƙanana da masana ke kira kolajin, a sarƙe kamar komar masuntan Baga, kowane zare a lanƙwashe. In an ja kaɗan, lanƙwasar ce ke warwarewa. In ja ya yi yawa, sai zaruruwan su miƙe su fuskanci wuri guda, su ɗauki nauyin tare. Wato gwargwadon ja, gwargwadon tauri.

Ba fata kaɗai Allah ya yi wa wannan baiwa ba. A 1957 waɗansu masana biyu a ƙasar Kanada, Margot Roach da Alan Burton, sun nuna cewa haka bangon jijiyar jini yake ƙara tauri in jini ya matsa masa. A 2005 kuma mujallar Nature ta buga binciken da ya sami irin wannan hali a zaruruwan gudan jini da na cikin ƙwayoyin halitta.

To, ina ruwan mai fiɗa da wannan? Duk inda wuƙa ta karci fata, ta tsinka sarƙar ke nan, nan ne kuma za ta yage ran da baduku ya ja ta. In an ɗame ta fiye da kima aka bari ta bushe haka, ta rasa laushinta. In kuwa aka shanya ta a ƙasa cikin rana, sama ya bushe, ciki ya ruɓe.

Saboda haka jama'a, a riƙa saɓule fatar akuya da ta rago da hannu, a kankare kitse, a zuba gishiri nan take, ko a rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen Turai, kada garaje ya sa mu zubar da tamu.